Digirin da Mai Shayi Ya Haifa

Na san abin da za ka ce, Alhaji, tun kafin ka gyara zaman hula. Yaro ya yi shekara guda a Landan, an kashe masa kuɗin da ya isa a sayi gida, ya dawo da digiri na biyu kan tafiyar da tsarin bayanai da ƙirƙire-ƙirƙire. Ka miƙa masa wayarka da ta ƙi caji, ya jujjuya ta, ya ce a kai wa masu gyaran waya na Farm Centre. To, me ya karanta?

Tambayarka tana kan hanya, sai dai ba kai kaɗai ne a layin ba. Ga Injiniya can, wanda idonsa ya yi ja wajen rubuta manhaja, yana cewa wannan kwas ɗin na 'yan surutu ne, waɗanda lissafi ya koro daga ajin kimiyyar kwamfuta suka sa kwat suka koma shirya taro. Ga kuma Hajiya, wadda ta tsufa a aikin gwamnati, ta ga an sauke kwamfutoci a ofis an lulluɓe su da leda har ƙura ta cinye su. Ita a wurinta duk kanwar ja ce. Ku zauna gaba ɗaya, kowa zai samu rabonsa.

Bari in fara da abin da zai ɗan sosa wa Injiniya rai. Wannan fanni, a Ingila dai, mai shayi ne ya haife shi. Kamfanin J. Lyons, mai shagunan shayi da gidajen burodi, shi ya gina kwamfutar da ake kira LEO, wadda a 1951 ta zama ta farko da ta riƙa yin aikin kasuwanci a kai a kai. Aikinta na fari shi ne lissafin kuɗin burodi da kek ɗin da ake gasawa. Daga baya aka ɗora mata albashin ma'aikata da odar shagunan. Abin da ya sa ta yi musu aiki shi ne, tun kafin a kawo na'ura, kamfanin ya daɗe yana da ofishi guda mai nazarin yadda akawunsa ke aiki, takarda daga teburin wa take tashi, a teburin wa take kwana. Ɗaya daga cikin ma'aikatan LEO, Frank Land, shi ya koma makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, wato LSE, a 1967 ya kafa koyar da wannan ilmi. Ka lura, Injiniya, makarantar da ba ta da sashen injiniyoyi ko ɗaya. Har yau kwas ɗin yana nan a can, shekara ɗaya, ga makamantansa a Warwick da Manchester.

Me suke yi a ajin? Suna koyon yadda ma'aikata ke yanke shawarar sayen manhaja ko gina tata, yadda ake rubuta kwangila da ɗan kwangilar da ya fi ka sanin kayan, bayanan jama'a a hannun wa za su zauna, da kuma dalilin da ya sa aikin wata shida ke cin shekara shida. Suna karanta tattalin arziki da halayyar mutane a wurin aiki. Tun 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya yi shaguɓen cewa ana ganin kwamfuta ko'ina, ban da a alƙaluman ƙaruwar aiki. Rabin wannan fanni ƙoƙarin amsa masa ne.

Har yanzu kana murmushi, Injiniya. To, saurari labarin gidan waya na Birtaniya. A 1999 aka fara girka wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassan gidan waya. Masu riƙe da rassan nan ƙananan 'yan kasuwa ne, mata da miji a ƙauye, suna sayar da kan sarki suna biyan tsofaffi fansho. Sai manhajar ta fara nuna giɓin kuɗi a inda babu giɓi. Mutum ya rufe shago ya kwana yana ƙirga, lissafi ya ƙi fita. Ya buga waya neman taimako, a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Kwangilarsa kuwa ta ce duk abin da ya ɓace shi zai biya. Wasu suka sayar da gidajensu suka cike kuɗin da ba su ci ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, wasu aka ɗaure su, wasu suka kashe kansu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen.

Kuskuren manhaja naka ne, Injiniya, kuma ba abin kunya ba ne, don babu manhajar da ba ta tuntuɓe. Amma wa ya rubuta kwangilar da ta ɗora wa mai shago dukan asara? Wa ya yarda cewa in kwamfuta da mutum suka saɓa, mutum ne maƙaryaci? Wa ya karɓi koke ɗari iri ɗaya bai haɗa su wuri guda ya duba ba? Waɗannan masu kwat ne, ba masu rubuta manhaja ba. Surutun da kake rainawa, rashinsa ne ya kai mutane kurkuku.

Hajiya, na ga kin gyara mayafi kina cewa ai daman kin faɗa. Kwantar da hankalinki, kwamfuta a leda ba a ofishinku aka fara ta ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya a 2002, aka wargaza shi a 2011, aka kuma ƙiyasta jimillar kuɗin da ya lashe ta kai kusan fam biliyan 10. Daga sama aka tsara shi, likitoci da nas-nas da za su yi aiki da shi ba a ji ta bakinsu sosai ba. Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya yi suna da bayanin wannan cuta: tazarar da ke tsakanin ofishin da mai tsara manhaja ya zana a kansa da ofishin da ke ƙasa, mai ɗauke wuta, mai oga da ba ya son a ga abin da ya sa wa hannu. Kuma ki yi haƙuri, Hajiya, ke ma babi ce a littafinsu. Wannan babban littafin rajista da kika ɓoye a durowa kina ci gaba da cikawa da biro, saboda kin san ranar da sabar za ta tsaya shi za a nema, ɗalibai na rubuta kundin digiri a kan irinsa. Da yawansu ma gaskiya suke ba ki.

Saura batun ƙirƙira, wadda Alhaji ya ɗauka sunan ado ne aka liƙa don a ƙara kuɗin makaranta. A Kenya, M-Pesa ta fara ne a matsayin gwajin biyan ƙananan basussuka ta waya. Masu gwajin suka lura mutane sun bar abin da aka ce su yi, suna tura wa juna kuɗi. Maimakon su tsawata, sai suka bi jama'a, Safaricom ta fito da ita a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. A nan kuwa, Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021, da biki da jawabai. Alhaji, ɗaga hannu in ka taɓa sayen ko goro da ita. Da tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, wurin mai POS na bakin titi ka je ka yi layi, ka biya ladan cirewa kana tsaki. Na'urar eNaira ba ta lalace ba. Tambayar da ta rage ita ce, me za ta yi maka wanda tiransifa ba ta riga ta yi ba?

Yanzu kuma bari in ba ku naku, don kada a ce na ci kuɗin makaranta. Akwai masu dawowa da Turanci zalla, kowace magana sai sun haska ta a bango da zane-zane, ba su taɓa zama da akawu na awa ɗaya ba. Kuɗin karatun a Ingila ma ba na wasa ba ne, shi ya sa ake rububin tallafi irin na Chevening, wanda ke neman mutum ya yi aiki na shekara biyu kafin ya nema. A ganina wannan sharaɗi ya fi dacewa da wannan kwas fiye da kowane. Wanda bai taɓa ganin fayil ya ɓace a ofis ba, in aka karanta masa labarin Horizon tatsuniya zai ji.

Saboda haka, Alhaji, ka canja jarrabawar. Ka kai shi shagonka na Kantin Kwari, ka nuna masa kwamfutar da ka saya bara, wadda lissafinta bai taɓa daidai da na littafin bashi ba. In ya ja kujera ya zauna da yaran shago, ya tambaye su wa ke rubuta kaya in sun shigo, wa ke ba da bashi da baki ba a rubuta ba, kuma me ya sa suke tsoron na'urar, to kuɗinka bai faɗi ba. In kuwa ya buɗe baki da cewa a sayo sabuwar kwamfuta, ka ci gaba da zolayarsa, ni ma zan taya ka.