Madalla da Gwamnati Mai Riƙon Baƙo

Mu mutanen Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha butulci ya yi mana yawa. An sauke mana wahalar shari'a, amma ko na gode babu.

Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ai gaggawa ce, gaggawa kuwa aikin shaiɗan. Shi ya sa dokar ta'addanci ta 2022 ta yarda a ajiye mutum kwana 60 da sa hannun kotu, ba tare da an gajiyar da shi da zuwa kare kansa ba. An gwada ta a kan masu zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, ta kuwa yi kyau. Aka kwashi yara daga Kaduna da Kano, aka kai su Abuja kyauta, ko kuɗin mota ba su biya ba. Ranar 1 ga Nuwamba aka fito da su bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wuya ya zama tsinke, wasu na zubewa a ƙasan kotu. Alƙali ya tausaya, ya sa belin kowannensu naira miliyan 10 kacal. Sai da duniya ta yi caa aka sallame su, don gwamnati ba ta son rabuwa da baƙonta.

Halinta ne tun da. A Disambar 2016 kotun tarayya ta ce a saki Sheikh Zakzaky. Gwamnati ta ce ina, ai kare lafiyarsa take yi. Minista Lai Mohammed har ya ce naira miliyan 3.5 ake kashewa duk wata wajen ciyar da shi (kason yaran nan, da alama, a can ya ƙare). Sai Yulin 2021 babbar kotun Kaduna ta wanke shi. Shekara biyar da 'yan watanni tun kama shi, me aka yi?

Masu hassada kan kawo zancen Dadiyata, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a gidansa na Barnawa a farkon Agustan 2019. Hukumar DSS ta ce ba ya hannunta, mun kuma yarda. Jami'an da suka zaƙulo yaro mai ɗaga tutar Rasha a cikin dubban masu zanga-zangar nan, haƙuri kawai za mu ƙara musu, suna nan suna neman Dadiyata.

Don haka malam, in an ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare, kada ka kunyata mu da tambayar takardar kotu. Ɗauki bargonka ka bi su.