Wallahi a Kwamfutata Tana Aiki

Duk mai rubuta manhaja yana da rantsuwar da ba ya gajiya da ita: "Wallahi a kwamfutata tana aiki." Kuma gaskiyarsa, bawan Allah. A Linux ya rubuta, GCC ta harhaɗa masa ba ko tari, sai ya zuba a intanet ya ce kyauta ce, ta dace da kowace na'ura.

Wani ya kai ta Windows ya miƙa wa MSVC, nan take ƙorafi ya cika allo. Ita MSVC uwar miji ce da aka kai wa miyar amarya: gishirin da miji ya shekara yana sha bai ji ba, a lomar farko ta ji shi. Gara ma ta yi faɗan. Nau'in lambar da ake kira long bayit 8 ne a Linux mai bit 64, a Windows kuwa 4. Sai manhaja ta haɗu lafiya lau, ta tashi, ta sharara ƙarya a lissafi ko kunya babu.

Mac kuwa, ka kira gcc a amsa maka da fara'a, alhali Clang ce.

To, a nemo kuskuren. Ka haddace "info locals" a GDB, LLDB ta ce ba ta san zancen ba, sai dai "frame variable". A nan gwani ke rufe duka biyun, ya koma zuba printf layi-layi: "na iso nan", "nan ma na iso".

Malam, kafin ka sake rantsuwa, ari kwamfutar maƙwabci.