Ba Otal Ba Ne, Masauki Ne

Bahaushe zai gaya maka inda ya ci tuwo, da masallacin da ya yi Juma'a, har da kuɗin da ya ba mai faci a hanya. Amma tambaye shi inda ya kwana da ya je baƙon gari, sai ka ga ya gyara hula, ya kalli gefe, ya ce, "A wurin wani mutumina na sauka." Wannan mutumin nasa ba shi da suna, ba shi da unguwa, kuma abin mamaki, rasit yake bayarwa.

A watan Afrilu wani ɗaurin aure ya kai mu Yola, mu huɗu a mota guda. Wanda ya san Yola ya san ba a zuwa cikin Afrilu sai da dalili mai ƙarfi, don lokacin ne zafi ke haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba, ruwan randa ma sai ka hura kafin ka sha. Tun daga Gombe aka fara muhawarar makwanci, muka wuce Kaltungo ana yi, muka tsallake gadar Numan ba a gama ba.

Babbanmu, wani dattijo da muke kira Malam, shi ya fara yanke hukunci. Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa taka ƙofar otal ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Yana da ɗan ƙanin matar wansa a Wuro Hausa, can zai sauka, "don zumunci." Na tambaye shi yaushe rabonsa da yaron, ya ce tun ranar sunansa. Alhaji kuwa, mai motar, ya ce shi duk inda manya ke sauka nan zai sauka, ko nawa ne. Ɗan autanmu yana baya yana ta latsa waya, ya ce ya riga ya gano wani wuri mai taurari huɗu da wurin ninƙaya. Ni kuma, gaskiya ɗaya ce, aljihuna nake saurare, amma da baki na ce ni mutum ne mai son sauƙin rayuwa.

Kafin ma a kai ga zaɓen otal, akwai tarkon da baƙo ke faɗawa, wato sunan garin kansa. Abin da mu na nesa muke tarawa mu kira Yola gari biyu ne. Akwai Yola ta asali, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841 ta zama hedikwatar Fombina, bayan shekaru da karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Can fadar Lamiɗo take, can tarihin yake, can ake tafiya a hankali ana gaisuwa doguwa. Sai kuma Jimeta, 'yar tafiya kaɗan a bakin kogin Binuwai, wadda ta girma da jiragen ruwa da Turawan kamfani, ta zo ta kwashe sakatariya da babbar kasuwa da tashar Jambutu da yawancin otal-otal. Har ƙaramar hukuma kowa da tasa: Jimeta ce Yola ta Arewa, tsohon gari kuma Yola ta Kudu. Saboda haka baƙo yakan zo ganin Yola ya kwana a Jimeta, ya ci kifin Binuwai a Jimeta, ya yi cinikin atamfa a Jimeta, sannan ya koma gida ya ce, "Ai dab da fadar Lamiɗo na sauka." Dab ɗin nan, mai Keke Napep sai ya caje shi kuɗin shata kafin ya kai shi.

Kuma kada wanda ya rasa masauki a Yola ya ɗauka a kansa aka fara. A watan Yuni na 1851 wani Bajamushe mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya taso tun daga Kukawa ya iso Yola cike da ɗoki. Kuskurensa ɗaya: ya zo tare da manzannin Shehun Barno, ɗauke da wasiƙun da ke ta da maganar iyaka. Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, ya duba wasiƙu, ya duba baƙo, ya ce a gaya masa ya koma inda ya fito. Bai cika mako ba ya juya, ga zazzaɓi a jiki. Mutumin da ya ƙetare Sahara bai iya samun kwana bakwai a Yola ba. Na ba da wannan labari a mota, Alhaji ya ce maganinsa ke nan, wa ya ce ya sa Babarbare ya kama masa ɗaki a garin Fulani?

Muka ajiye Malam a Wuro Hausa da jakarsa da ledar tsaraba. Yaron da ya zo wurinsa, wanda yanzu magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ya fito yana "Jaɓɓaama, jaɓɓaama, sannu da zuwa Baba," fuskarsa cike da murmushi, idonsa kuwa yana lissafin ɗakuna. Ina kallo aka fara fito da katifar yara tsakar gida. A nan ne al'adarmu ke cin zalin ta Fulani. Bafulatani yana da pulaaku, kunyar nan da ba za ta bar shi ya nuna ya takura ba ko da a tsaye zai kwana. Mu kuma sai mu ɗauki shirunsa a matsayin gayyata. An ce baƙo raɓa ne, amma akwai baƙon da damina ce sukutum, da marka da ambaliya. In ka lissafa kazar da za a yanka, da man janareta, da kwanan da uwargida za ta yi tana gaya wa maigida ra'ayinta game da danginsa cikin raɗa, za ka ga otal ɗin ma an biya, sai dai ba baƙon ne ya biya ba.

Daga nan muka nufi Jimeta, wurin ɗan auta mai taurari huɗu. Hoton da ke waya gaskiya ne, ginin ne, ba a canza shi ba. Sai dai an ɗauki hoton ne ranar da aka buɗe wurin, kuma da alama mai fentin bai sake biyowa ta unguwar ba. Wurin ninƙayar yana nan, babu ruwa, wata akuya na kwance a ciki tana tuƙa. Yaron ya ce, "Yaya, wallahi mutane sun yabe shi a intanet." Na karɓi wayar na duba masu yabon. Su biyar ne, kuma huɗu sunan mahaifinsu ɗaya. Kallon kitse muka yi wa rogo, muka ja mota.

Wurin Alhaji kuwa sai da mai gadi ya sara mana. Alhaji bai tambayi ruwa ba, bai tambayi wuta ba. Tambayarsa ta farko ga yarinyar da ke karɓar baƙi ita ce, "Su wa ke sauka a nan?" Ita ma ta san irin kifin da ya shigo komarta. Ta ce ai kwanan nan wani babban mutum daga Abuja ya tashi. Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba, don kada sunan ya zo bai kai yadda yake so ba. Ta jero ɗakuna: akwai na manya, akwai na manyan manya, akwai na shugaban ƙasa. Na bi su na leƙa duka ukun. Gado ɗaya ne, labule ɗaya ne, ƙarar fanka ɗaya ce. Bambancin na shugaban ƙasa shi ne furen roba a kan tebur da kujera mai hannu. Alhaji ya biya kuɗin furen roba, ya zauna a kujerar, ya miƙa wa ɗan auta waya ya ce, "Ɗauke ni, ka tabbata furen ya fito." Kafin a kai jakarsa ciki hoton ya isa Kano.

To, ni da na ga jiya na ga yau a harkar kwanan baƙunta, bari in faɗa muku abin da ake tambaya. Sunan wuri ba ya sanyaya ɗaki. Tambaya ta farko: in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake ta da janareta, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi? In aka ce maka "har safe," ka sake tambaya safiyar wa, don a wasu wuraren safiya na farawa ƙarfe 2 na dare. Ta biyu: janaretan yana ɗaukar esi, ko fanka kawai? Akwai esin da aka kafa a bango don ado, kamar hoton kakan mai otal. Ta uku ba a yin ta da baki. Ka shiga banɗaki ka duba. In ka ga bokiti biyu cike da ruwa an jera su a ƙarƙashin shawa, to shawar ta yi ritaya, bokitin nan su ne ma'aikata. Sannan ka duba ragar taga, don sauron bakin Binuwai ba ya jiran a gabatar da shi. In ka samu buta a ƙofa da alamar alƙibla a silin, to mai wurin ya san su wa yake saukarwa.

Da wannan ma'auni na samu wani ɗan wuri a bayan layi, wanda allonsa bai ce otal ba. Masu irin waɗannan wurare sun fi mu sanin halinmu. Sun san kalmar otal tana da nauyi a kunnen Bahaushe, tana tafe da ƙamshin giya da zargin maƙwabta, shi ya sa suke rubuta masaukin baƙi. Gado dai gado ne, rasit kuma rasit ne, amma mutum zai iya rantsuwa a gaban surukinsa cewa bai kwana a otal ba, kuma bai yi kaffara ba.

Wajen ƙarfe 1 na dare na fito neman ruwan sanyi. A lungun da ke tsakanin ɗakuna na yi kiciɓis da wani dattijo sanye da singileti, da buta a hannu, ya yafa rawani a ka kamar mai gudun a gane shi. Malam ne. Muka tsaya muna kallon juna. Ban tambaye shi komai ba, amma irin wannan haɗuwa ba ta buƙatar tambaya, kowa da kansa yake fara kare kansa. Ya ce wai yaran gidan ne ke tari, ya ji tausayi ya bar musu ɗakinsu. Ya ce kuma ai nan ba otal ba ne, in duba allo. Na ce haka ne, Malam. Ya ce kuma ba kwana ya zo yi ba, hutawa ce. Na ce Allah ya ba da lada. Ya matso ya rage murya ya ce, "Ɗakinka esi na aiki?" Daga baya na ji cewa ta ƙofar baya ya shigo, kuma ya sa mai Keke ya sauke shi a bakin wani masallaci, ya ƙarasa da ƙafa.

Da asuba ya riga kowa ficewa, ya koma Wuro Hausa ya shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo masa kunu da ƙosai a matsayin wanda ya kwana cikin dangi. A wurin ɗaurin aure kuwa, can cikin tsohon gari, na ji shi yana gaya wa mutane cewa zamani ya lalace, yara sun bar gidajen 'yan'uwa sun koma kwanan otal. Alhaji na gefensa yana gyangyaɗi, idanu jawur, don a ɗakin shugaban ƙasa janareta ya yi murabus tun tsakar dare, ya kwana yana fifita da takardar jerin abinci. Amma da aka tambaye shi masauki sai ya ce, "Kai, wurin nan sai wanda ya gani," ya zaro waya ya nuna furen roba.

Ni kaɗai na yi barci a tafiyar nan, kuma ni kaɗai na dawo ba ni da abin ba da labari. Har yau in an tuna tafiyar, Alhaji ake yi wa kallon wanda ya san gari, Malam kuma mai riƙon zumunci, ni ko an ce rowa ce ta kai ni bayan layi.

Saboda haka mai karatu, in hanya ta kai ka Yola cikin bazara, ka je ka ga fadar Lamiɗo da rana, ka tambayi lokacin janareta kafin magariba. In kuma muka haɗu a lungun wani masauki a Jimeta cikin dare, kai da buta ni da buta, don Allah kada ka yi mini bayani. Ka yi sallama ka wuce, ni ma ɗaurin aure na zo.