Yadda Ake Fita Hutu Daga Dutsi Ba Tare da An Tambaye Ka Wa Ya Rasu Ba

Kafin ka nemi kuɗin mota, nemi dalili. A Dutsi mutum ba ya ɗaukar jaka haka kawai. Tafiya iri huɗu muka sani: biki, ta'aziyya, kasuwa, asibiti. Ranar da ka fito da iyali kowa ya sha wanka, ka ce wa mutanen majalisa za ku je hutu, wani zai cire hula ya ce "Innalillahi, yaushe abin ya faru?" Saboda haka ka ce za ku Daura ziyara. Ba ƙarya ka yi ba, kuma babu wanda zai tsare ka da tambaya. In ka daidaita tafiyar da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, har rakiya za a yi maka zuwa tasha.

Kada hotunan da yaranka ke nuna maka a waya su karya maka gwiwa. Na san sun nuna maka Burj Al Arab, otal ɗin nan na Dubai mai siffar filafilan jirgin ruwa da aka buɗe a 1999. Ka yaba, ka ce Allah Ya ƙara musu, ka mayar da wayar. Kuɗin kwana ɗaya a can zai tashi da rumbunka har da na maƙwabcinka. Kai ga Daura nan kusa, mota ɗaya ce.

Sai maganar masauki, kuma a nan ne ake rabuwa. Akwai otal, akwai gidan gwaggo. Gidan gwaggo ba a biyan ko sisi, amma ka lissafa turmin atamfa, kwandon goro, sabulu, da 'yan canjin da za ka raba wa jikokinta goma sha ɗaya. Ka kuma sani da asuba za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Ɗan nan, matar taka ba za ta fito ta taya mu dama kunu ba?" Shi ke nan, uwargida ta baro murhun Dutsi ta tarar da murhun Daura. Wannan ne ya sa nake roƙonka da gaske: wannan karon ka kama ɗaki a otal. Ka je ka gaida gwaggo da rana, ka kai mata tsarabarta cif, ka karɓi faɗan da za ta yi maka kana durƙushe, sannan ka koma masaukinka. Matar da ta shekara tana tashi kafin kiran sallah tana kwanciya bayan kowa, ta cancanci kwana biyu a ajiye mata abinci a gabanta, ta ci, ta wanke hannu, ta miƙe ƙafa.

Da ka shiga otal, kafin ka kalli labule ko fitilar ƙawa, tambayi ruwa. Wannan darasi tsoho ne a garin. Baƙon da ya fi kowa suna a tarihin Daura, Bayajidda, da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ruwa ya fara nema, aka ce masa sai Juma'a, saboda macijiya Sarki ta tsare rijiyar Kusugu. Shi yana da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, kai kuwa daga kai sai buroshi da soso. Don haka ka shiga banɗaki da ƙafarka, ka murɗa famfo, ka ga ruwa ya zubo da idonka. In ka ga an jera bokiti biyu cike a gefe, ka gane saƙon. Daga nan ka tambayi wuta: janareta ne ko sola, kuma ƙarfe nawa ake kashewa? Mai karɓar baƙi zai ce "har safe, Alhaji." Ka yi murmushi ka ce, safen ƙarfe nawa? Ka ɗaga zanin gado, ka duba ragar taga ko sauro ya yi mata ƙofa. Lokacin Gani da hawan Sallah kuwa ka kama ɗaki da wuri, don garin cika yake yi maƙil.

Da safe ku nufi Kusugu. Rijiyar tana cikin gini yanzu, kuma har yau ana jan ruwa. Ka bar yaran su leƙa, ka riƙe rigar ƙaramin da kyau, ka bar mai kula da wurin ya ba da labarin Daurama da Bawo da Hausa Bakwai ko da ka san shi tun kana firamare. Kada ka katse shi. Ka dubi fuskar 'yarka lokacin da aka miƙo mata ruwan rijiyar da take karantawa a littafi. Daga nan ku wuce ƙofar fadar Mai Martaba Umar Faruk Umar, wanda ke kan gadon sarauta tun 2007, ku tsaya ku ga dogarai da jajayen riguna. In kun ratsa ta wajen gidan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, inda aka binne shi a Yulin 2025, ku yi masa addu'a.

Idan tafiyar ta haɗa da Lahadi, ga kasuwar Mai'adua, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar ta Kongolam. Gargaɗi ɗaya: hutu ka zo. Kada ka tsaya taya bijimi. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi da ka ga farin sa mai tozo, amma ka sa hannun a aljihu, ka sayo wa uwargida mayafi da tsire mai zafi.

Ranar komawa ka tanadi amsa, don majalisa na jiranka a gindin dalbejiya. Za su ce, "To, ya mai jikin?" Ka ce ta samu sauƙi ƙwarai, har ta ce baɗi Katsina za ku, ku hau hasumiyar Gobarau.