Ka Sayi Tsohuwar Land Cruiser? To, Alhaji, Zauna Mu Yi Magana

Labari ya iso mana cewa ka sayar da riɗin bana, ka haɗa da kuɗin bijimai biyu, ka shiga kasuwar motoci ka fito da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mutanen Sudan ke kira Tacha. Allah ya sanya alheri, ya tsare ta daga bakin mutane. Mun ji har ragon karama an yanka, ko da yake ƙamshinsa kaɗai ya iso unguwarmu. Ba komai. Mu shawara za mu bayar, kyauta, tunda ita kaɗai ce ta rage ba ta yi tsada ba tsakanin Madani da Damazin.

Fara da goge maganar dillali daga zuciyarka. Na san ya rantse maka cewa motar wani likita ce, daga gida sai asibiti, ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Duk tsohuwar motar da ke ƙasar nan ta likita ce. Toyota sun fara ƙera wannan samfurin a 1984, injin dizal ɗin nan mai silinda shida da ake kira 1HZ kuma ya shigo a 1990, don haka ba abin mamaki ba ne taka ta girmi babban ɗanka. Agogon kilomita da ka gani yana nuna adadi mai daɗin ji kuwa, tun ana kashe dinari ya tsaya, bai sake motsi ba.

Abu ɗaya ne babu wasa a cikinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, an ƙwace motocin bayin Allah ba iyaka, kuma irin taka aka fi nema. In ba ka riga ka yi ba, yau ɗin nan ka goge lambar da ke jikin shasi, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi, ka kai wa jami'an kula da motoci su tabbatar. Idan an yi maka arahar da ta wuce hankali, wataƙila akwai wani a wani gari da ke yawo da hotonta a waya.

To, takardu sun yi daidai, alhamdu lillahi. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da asuba ka ja shi ka karanta. Baƙin ɗigo na inji ne, mai kauri da wari na giya ne ko na aksul, ruwa-ruwa mai tsatsa na lagireto ne. Kada ranka ya ɓaci, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuwa ka tarar da kwalin fes babu ɗigo ko ɗaya, kada ka yi saurin murna, zaro sandar awo ka duba, mai yiwuwa man ne ya ƙare gaba ɗaya.

Juye duk abin da ke cikinta mai gudana: baƙin mai, wanda za ta sha kusan lita 10 ba kunya, da man giya, da na aksul gaba da baya, da na birki. Daga nan baƙin mai duk kilomita 5,000, kuma da yake agogonka ya riga mu gidan gaskiya, sai ka rubuta ranar da gawayi a bangon zaure. Sannan bel ɗin taimin. Ana canza shi ne a kilomita 100,000, kuma babu wanda ya san ranar da aka sa naka, har wanda ya sayar maka. Ranar da ya tsinke fistin da bawul za su yi karo a cikin inji, kuɗin da za ka kashe kuma ya isa aurar da 'ya. Canza shi yanzu, ko da usta, wato makanike, ya leƙa ya ce da sauransa.

Man da za ka riƙa sha a jarka a bakin hanya, Allah kaɗai ya san durom nawa ya kwana a ciki. Tace shi da ƙyalle mai tsabta. A ƙasan filtar mai akwai ɗan famfo, ka riƙa kwance shi ruwan da ya kwanta ya zube, sannan ka danna famfon hannu na sama har ya yi tauri. Ajiye sabuwar filta a ƙarƙashin kujera, kusa da dardumar salla. Filtar iska kuma a kakkaɓe ta bayan kowace guguwar habub, kuma duk wanda ya ce a huda ta da ƙusa don inji ya sha iska, ka tambaye shi ina tasa motar take.

Lagireto ba gonar auduga ba ne. Jan ruwan nan da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga duwatsun Habasha da damina, wanda madatsar Sinnar ke rarraba wa magudanan Jazira tun 1925, albarka ne ga gona, amma in ka ɗura shi a mota laka ce za ta kwanta ta toshe bututu ɗaya bayan ɗaya. Nemi ruwa mai tsabta. Da kaka ka riƙa cire ƙaiƙayin dawa da ke liƙe a fuskar lagireton. In ta yi zafi, kada ka buɗe murfin nan take, sai dai in ka gaji da gemunka. Giris kuwa shi ne abu mafi araha a jikin motar nan, shi ya sa kowa ke mantawa da shi har sai wani abu ya fara kuka a ƙasa.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa ka saye ta. Ka ce ka gaji da damina tana tsare ka a gari. Alhaji, baƙar ƙasar nan ba ta san sunan Toyota ba. Da rani tana darewa har hannunka ya shige, ta girgiza maka kowane noti. Ruwan Yuli na sauka ta haɗe bakinta ta koma danƙo, ta naɗe taya har ta cika mazauninta, sitiyari ya zama abin ado. Amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu a nan shi ne, maimakon ka maƙale a bakin gari inda yara za su turo ka, sai ka maƙale can cikin gonakin Dali ko Mazmum inda ko waya ba ta kamawa.

Ga kuskuren da kowane sabon mai mota yake yi. Ya hango caɓi, ya ja ƙaramar giya cikin isa, ya taka, tayoyin baya su yi ta haƙa rami, na gaba suna kallo. Dalili kuwa, a tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa da hannu daga FREE zuwa LOCK, in ba a murɗa shi ba ƙaramar giyar nan aksul kawai take juyawa a banza. Ka sauka ka murɗa tun ƙasa tana busasshiya. Wanda ya bari sai ya shiga, zai yi aikin ne durƙushe cikin taɓo da farar jallabiya, 'yan bayan mota suna ba shi shawara daga sama. Rage iskar taya kaɗan, zaɓi giya ɗaya ka riƙe, kada ka tsaya a tsakiya don amsa sallama. Da ka ji ta fara nutsewa ɗaga ƙafarka, ƙara wuta ƙara zurfi ne. In ka hau kwalta kuma ka mayar da komai yadda yake, domin wannan motar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka bar ta a ɗaure a kan hanya mai tauri giyar ce za ta biya. Bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, kwance notin aksul ka duba man, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, a juye.

A bayan mota kada a rasa shebur, da igiya mai kauri, da jak, da faffaɗan katakon da jak ɗin zai tsaya a kai, da kayan faci saboda ƙaya. A cikin waya kuma kada a rasa lambar mai tarakta. Ka ƙulla zumunci da shi tun da rani, ka je sunan ɗansa, domin farashinsa da zurfin nutsewarka yake tafiya. Kan gaɓar magudanar ruwa bayan an yi yayyafi kuwa, ko da kuɗi aka haɗa ka kada ka hau, santsi ɗaya ne tsakaninka da kifi. Tsofaffin direbobi in an yi ruwa da dare shimfiɗa tabarma suke yi su ɗora shayi har rana ta ɗaga ƙasa ta sha iska, kuma su suke riga masu gaggawa isa. Idan duk da haka ka kafe, ga mai keken jaki ya zo wucewa, ka gaishe shi da ladabi. In ta kama a taka da ƙafa ma ba abin kunya ba ne: mutanen da suka baro Burmi a 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu ba su zo da giya ko ɗaya ba.

Sai usta. A unguwar makanikai ta Sinnar ko ta Madani za ka samu mutanen da suka riƙe tsofaffin Bedford, waɗanda ake kira sifinja, suna ɗaukar kaya shekaru bayan kamfanin da ya ƙera su a Ingila ya rufe. Wanda ya iya wannan ya cancanci girmamawa, kuma ni ina ganin sun fi injiniyoyi da yawa masu takarda. Amma ka je da kayan gona, kada ka je da rawani da turare, don kallon farko ake yanka kuɗi. Kada ka gaya masa abin da kake zaton ya lalace, zai canza maka shi ya bar ciwon. Kwaikwayi ƙarar da bakinka kawai, ko da yaran gareji za su yi dariya. In ya ce gobe, tambaye shi goben wane mako. In ya faɗi kuɗi, tambaye shi da tsohon lissafi ne ko da sabo, tunda har yau mutane suna kiran dubu miliyan, miliyan kuma biliyan, kada zuciyarka ta buga a banza.

Kayan gyara iri uku ne: na asali, da na kasuwa, da na jikin motar da ta mutu. Fitila da madubi sayi duk wanda ka ga dama. Birki da sitiyari da bel ɗin taimin, na asali ko a fasa. Kowane ƙarfe aka cire ka ce a ba ka tsohon ka tafi da shi. Zai nemi ya cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa ya yar, wai na ƙasar sanyi ne, ka ce a bar shi, a wanke lagireto. In an gama ɗauri ka ga noti uku a ƙasa, zai ce Japanawa ne da almubazzaranci, ka tsaya a kansa har a samo ramukansu. Sayi agashe da shayi ka ba ƙaramin yaron da ke ƙarƙashin mota, shi ne zai gaya maka gaskiya in maigidansa ya tafi salla.

Ka kuma sani tun yanzu motar ta gari ce, sunanka kawai ke kan takarda. Kai amarya, zuwa gaisuwar mutuwa, buhunan albasa ranar kasuwa, duk kai ne. Kowa zai ce kayansa ba nauyi, har sifirin ya miƙe. Koyi cewa "tana gareji" ba tare da ka ƙifta ido ba. Amma in an buga maka ƙofa ƙarfe biyun dare an ce naƙuda ta zo da gardama sai asibitin Sinnar, wannan babu gareji a ciki, don haka kada tanki ya kwana ƙasa da rabi, kada batir ya yi sanyi. Jazira ba ta da tudun da za ka gangaro ta ta tashi, sai ƙarfin samari, su kuma ƙarfe biyun dare ba sa jin kira.

Duk gyaran da za ka yi ka gama shi a watan Mayu, ba a fafe gora ranar tafiya. Jakin nan kuma da aka ce ka sa a kasuwa tunda mota ta zo, don Allah Alhaji ka dakata da cinikin sai bayan Oktoba.