Ranka Ya Daɗe Ciyaman, Ina Katin Yaran?

Tun ban kai ƙarshen layin farko ba na san wasunku sun taɓe baki. Inshorar lafiya? A hannun ƙaramar hukuma? Wadda ko kwatar bakin sakatariyarta ta gagare ta yashewa? To Alhaji, ajiye kofin shayin kada ka ƙware. Ni ma ban ce ciyamanku waliyyi ne ba. Cewa na yi idan ana son yaran talakawa su shiga inshorar lafiya, babu wanda ya fi ƙaramar hukuma kusa da ƙofar gidajensu, babu kuma wanda ya kai ta rashin uzuri.

Mu fara da abin da ba za ku musa ba. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya shiga, har aka ambaci talakawa miliyan 83 da za a ɗauke wa biya. Wajibi fa aka ce. To mai kati ya ɗaga hannu. Na ga hannun malamin makaranta, na ga na ma'aikacin sakatariya, su ma don daga albashi ake zare nasu tun bai iso aljihu ba. Sauran kowa ya sunkuya yana latsa waya. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, waɗanda ke ciki kusan ɗaya ne cikin goma, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. A karkara kuwa kun san inda kuɗin nan ke fitowa: akuyar uwargida, buhun geron da aka ajiye don bazara, idan abin ya yi tsanani a jinginar da gona.

"Wannan ai aikin Abuja ne." Ashe? Abuja ta san gidan da ke bayan masallacin Juma'a inda aka haihu shekaranjiya? Mai unguwa ya sani. Ungozoma ta riga shi sani, wanzami ma yana nan tafe ranar suna. Da waɗannan mutanen aka yi yaƙi da shan inna har aka kai ga sanarwar 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Najeriya. Masu unguwanni na riƙe da sunayen jarirai, masu ɗigon rigakafi na bin gida-gida, su yi rubutu da alli a bango, su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa. Wasunku da kansu suka riƙa ɓoye yara a ƙuryar ɗaki, aka bi aka zaƙulo su. Kowace damina ana sake bin gidajen nan wata-wata da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na 'yan ƙasa da shekara biyar. Ranar zaɓe kuwa ba a taɓa rasa mai kai akwati rugar da mota ba ta zuwa ba. Sai an zo kan katin asibiti ne ake ce wa mai goyo ta hau babur ta je sakatariya, ta isa da rana tsaka ta tarar mai na'ura ya tafi ɗaurin aure.

Ashe aikin farko ba ya buƙatar wani dogon Turanci. A ɗauki tebur a kai inda mutane suke: ranar kasuwa, ranar awo, ranar allurar yara, harabar firamare, ƙofar tsangaya. A teburin nan kuma a zaunar da mutum uku, domin wahalar jere take. Mai rajista zai nemi lambar NIN, ita lambar yaro tana neman takardar haihuwa da lambar uwa ko uba, takardar haihuwa kuwa tana hannun jami'in hukumar ƙidaya wanda ofishinsa na wani gari. Uwar da za ta yi wannan zagaye da kuɗin babur daga aljihunta, yaron ma lafiyarsa ƙalau, ba a haife ta ba. Ciyaman ba shi ne ke buga ko ɗaya daga cikin takardun nan ba, gaskiya ne. Amma yana da rumfa, yana da mota, yana da man janareto, yana da mai shela, kuma idan ya gayyaci jami'an nan uku za su zo.

Na ji gyaran murya daga can gefe. Allah gafarta Malam, na san abin da ke tafe: caca, riba, sayen abin da ido bai gani ba. Ni ba ni da hurumin fatawa. Amma jihohinmu sun ji wannan ƙorafi tun tuni, shi ya sa suka gina nasu a kan taimakekeniya. Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna a 2018, Jigawa da Katsina da Sakkwato kowace na da hukumarta. Adashi ne, sai dai kwasa ba ta bin layi, tana bin wanda ciwo ya kayar. Laifin masu shirin shi ne su buga fosta su yi waƙa a rediyo, sannan su tuna da liman. Da tun farko hakimi ya tara limamai da malaman zaure, an baje musu tsarin sun yi tambayoyinsu, da an huta da rabin gardama. Shi kuma wanda ke cewa tanadin ciwo kiran ciwo ne, jiya na gan shi ya sa wa babur ɗinsa kwaɗo biyu a ƙofar masallaci. Ban ji ya ce yana kiran ɓarawo ba.

Hajiya kuma tambayarta ɗaya ce: "In shekara ta ƙare ba mu yi ciwo ba, za a dawo min da kuɗina?" Haba Hajiya! Ko so kike mu taya ki addu'a ki ci kuɗinki?

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wa zai biya wa wanda ba shi da ko na cefane? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kodayake sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana. Kusan rabinsa na biya wa marasa ƙarfi inshora ne: ƙananan yara, masu juna biyu, tsofaffi, masu nakasa. A ƙa'idar da aka fitar a 2020, naira 12,000 ce a kan kowane mutum a shekara. Kuɗin ba ya isa, kowace mazaɓa 'yan tsiraru take samu, su ma a wasu wuraren idan ka duba sunayen sai ka ga duk dangin wani ne. A nan ƙaramar hukuma take da gurbi biyu. Ta sa a karanta sunayen a bainar jama'a, a gaban dagaci, kowa ya ji ko da gaske wance gwauruwa ce mai marayu. Sannan ta ƙara daga nata kason. Yi lissafi da kanka, ranka ya daɗe: yara dubu ɗaya naira miliyan 12. Ka ce tsada ta ninka shi, na yarda, miliyan 24. Har yanzu bai taɓo kuɗin motar da ka zo taro a cikinta ba.

"Ai kuɗinmu na hannun gwamna." Kun daɗe kuna faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, aiwatarwa dai na ta jan ƙafa. Sai dai ban taɓa jin asusun haɗaka ya hana rabon atamfa da sallah ba. Haka ɗan majalisar da ke kafa rumfa yini ɗaya, a auna jini, a raba tabarau, a ɗauki hoto, a watse. Da zai ba da kuɗin a yi wa yaran mazaɓarsa kati, da sun shekara suna amfana. Idan hoton ne damuwarsa, a buga masa a bayan katin, mun yafe.

Masu iya biya kuma a daina zuwa musu a lokacin da bai dace ba. Wanda ya je karɓar kuɗi wurin manomi a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye sauran, to bai san ƙauye ba. A je da kaka. A bi ta ƙungiyar manoma, ta direbobi, ta 'yan adaidaita sahu, ta mahauta, waɗanda dama sun saba tara kuɗi duk mako.

Akwai wani wurin da nake so in ga fuskar Alhaji. Tsarin ma'aikata na ƙasa ya tanadi miji, mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ƙari sai da ƙarin kuɗi. Wanda ya zana wannan bai taɓa cin tuwo a gidanku ba. To Alhaji, wa za a rubuta, uwargida ko amarya? Kuma a cikin goma sha ukun nan, waɗanne huɗu ne za su yi zazzaɓi bana? Kada ka amsa da ƙarfi, katanga na da kunne. Kansilan da ya san mazaɓarsa shi ya kamata ya kai wa hukumar jiha wannan magana, a samar da farashin gida sukutum, har da ɗan riƙo, da maraya, da almajirin da ke kwana a zaure.

Na san za ku ce ba a taɓa yi ba. Ruwanda ta fara gwaji a 1999, yau fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta na da inshora. Al'umma ce ta riƙa zama tana tantance wa ke da hali, wa za a biya wa. Tun 2006 kuma kowane shugaban gunduma na sa hannu a kan alkawuran aiki a gaban shugaban ƙasa, a ƙarshen shekara a auna shi, yawan masu kati na cikin ma'aunin. Akwai matsin lamba a salonsu wanda ba lallai mu kwafa ba. "Ai ƙaramar ƙasa ce." To, yawan mutanenta kusan ɗaya ne da na Jihar Kano. Su gunduma 30, Kano ƙananan hukumomi 44, wato Kanawa sun fi su yawan ciyamomi ma. Zazzagawa ku daina dariya, naku a Jihar Kaduna 23 ne, ku ma ba ku gama ba. Gana ta fara a 2003 daga matakin gunduma, ta ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 18 kuɗin shekara, ta ƙara da masu juna biyu a 2008. Tambayi 'yan uwanmu na zango a Kumasi, za su gaya maka inda gizo ke saƙa: kati ya ƙare ba a lura ba sai an je asibiti. Shi ya sa aka kawo sabuntawa ta waya. Mu da muke da mai shela a kowane gari, tuni ba zai gagare mu ba.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma wannan ba zan yi muku dariya a kansa ba. Mace ta zo da kati, yaro jiki zafi rau, malamin asibiti ya duba ya ce babu magani, a je kemis ɗin tsallaken titi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. A 2006 aka ce magani kyauta ga 'yan ƙasa da shekara biyar, iyaye suka yi tururuwa, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci ya riƙa makara wata da watanni, kantocin magani suka bushe. A nan gida ma, asibitin mazaɓa yana samun kasonsa ne a kan kowane mai kati, idan kason ya makara ko ya ɓace a hanya, katin ya zama kwali. To asibitin sha-ka-tafi a ƙasar wa yake? Kwamitin ci gaban mazaɓa na wa ne? A liƙa a bango nawa ya shigo wannan wata, waɗanne magunguna ne mai kati ba zai biya ba, da Hausa, da boko da ajami. A sa lambar wayar da za a kira, wadda ake ɗauka. A tabbatar akwai ma'aikaciya da dare, domin naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Mace ɗaya da aka yi wa ɗanta ƙarin ruwa ba ta biya ko sisi ba, kafin la'asar gidan biki ya ji, washegari layin rajista ya kai bakin titi.

Zaɓe na nan zuwa, kansila zai shigo zaurenku da faɗuwa da gaisuwa da ɗan abin sabulu. Ku karɓa, ban hana ba. Kafin ya miƙe dai ku tambaye shi yara nawa ke da kati a mazaɓar, kuma nawa ne nasu bai ƙare ba. Idan ya fara waige-waige yana neman sakatarensa, ku ƙara masa tabarma, ku ce ba sauri kuke yi ba.