Alƙalan Mota a Majalisarmu

Tun da ƙanen maƙwabcina ya fara tara kuɗin mota, teburin mai shayin layinmu bai sake jin wani zance ba. Ma'aikacin banki ne, irin yaran nan da ko fitila za su saya sai sun tambayi waya. Ran nan bayan isha'i ya zo mana da bidiyo: Turawa biyu, motoci biyu sababbi fil, an jera su a wani titi mai sulɓi kamar faranti, ana auna wadda za ta riga kai gudun kilomita 100.

Alhaji dillali ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya kalla kamar minti guda, ya mayar.

"Ɗana, wa ya ba su motocin?"

"Kamfani mana, Alhaji."

"Kuɗin jirgi da masauki fa?"

Yaron ya yi shiru. Alhaji ya kurɓi shayi ya ce, "To kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Kuma a wannan ban ga laifin Alhaji ba. Galibin mujallun mota da masu bidiyo aron motar ake ba su na 'yan kwanaki, kamfani ne ke zaɓar wadda zai bayar, kuma ba ya bayar da mai tari. In an fito da sabuwar ƙira, a kwashi 'yan jarida zuwa Sifaniya ko Fotugal, a ci, a sha, a zaga duwatsu. Sannan ka buɗe mujallar ka ga tallan kamfanin ya cinye shafi guda. Ba lallai su yi ƙarya ba. Yabon ne ake yi da ganga, aibin kuma da raɗa: wai robar gaban motar ta ɗan yi tauri.

Tsohon hedimastanmu, wanda rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, ya gyara zama. Ya ce a 2014 babbar ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta amsa da bakinta cewa an ƙara yawan ƙuri'un gasar motar da Jamusawa suka fi so. Golf ce ta zo ta ɗaya, amma an ninka ƙuri'unta kusan sau goma, har shugaban mujallar ƙungiyar ya ajiye aiki. Majalisa ta ɓarke da dariya, direban tasha har da buga benci: ashe su ma sun iya aringizo!

Hedimasta dai bai bar mu mun more dariyar ba. Ya ce a Amurka akwai Consumer Reports, su da kuɗinsu suke zuwa su sayi motar ba tare da sun bayyana ko su wane ne ba, kuma ba sa karɓar talla. A Suwidin ma, a 1997, 'yan wata mujalla sun gwada kauce wa dabba a kan hanya da sabuwar Mercedes A-Class, sai ga mota ta wuntsila. Suka buga labarin, kamfanin ya dakatar da sayarwa sai da ya gyara. Direban tasha ya ce a kawo su nan su gwada kauce wa akuya da ɗan adaidaita da rami a lokaci guda.

Abin da babu wanda ya faɗa a teburin shi ne, mu da muke yi wa Turawa dariya, alƙalanmu na gida sun fi nasu iya aski. Mu fa ba mujalla muke tambaya ba, bakanike muke tambaya. Shi kuwa mota mai kyau a wurinsa ita ce wadda ya iya kwancewa da sifana. Duk wadda sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, zai girgiza kai ya ce, "Maigida, rabu da ita, ba kayanta." Sau da yawa kayan na nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa, na'urar ce ba shi da ita. Dillali kuma, kowace mota da ke hannunsa wata tsohuwa ce ta hau ta a Beljiyam, daga gida sai kasuwa. Na rasa yawan tsofaffin matan Beljiyam, da yadda duk suka haɗa baki suka tsaya a kilomita dubu tamanin.

Mafi wuyar sha'ani shi ne mai motar kansa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a ce zai nuna maka ba. Ni ma na yi. Na taɓa sayen wata mota bisa shawarar bakanikena, daga baya na ji ashe yana da kasonsa a la'ada. Shekara biyu lagireto na tafasa, giya na ƙin shiga da safe, amma duk wanda ya tambaye ni sai in daki bonet in ce, "Wannan ai jaka ce, ba ta san gajiya ba." Sai ranar da kuɗin mai saye ya shiga aljihuna na ce Allah ya raba ni da ƙaya.

Ga mu kuma da yanke hukunci da suna. Honda Accord ta 2003 muka raɗa mata End of Discussion, wato magana ta ƙare. Da aka ɗan sauya mata fitilun baya, muka ce Discussion Continues. Dattawanmu kuwa har gobe ba a yi mota ba tun bayan Peugeot 504 ta Kaduna.

Yaron ya ce to shi yanzu wa zai bi? Hedimasta ya ce masa bidiyon nan motar bana ake gwadawa, shi kuwa wadda kuɗinsa za su kai ta shekara goma sha biyar a duniya, ta sha gishirin titin Turai, ta sha jirgin ruwa. Ya tambayi shan manta, tunda an cire tallafi a Mayun 2023. Ya duba ko cikinta zai tsallake kwatar layinmu da damina. Direban tasha ya ƙara da cewa mu nan tun ranar saye muke lissafin ranar sayarwa, shi ya sa kowace muhawara take ƙarewa a kan Toyota.

"To Corolla ke nan," in ji yaron, ya kashe wayar.

Alhaji ya ajiye kofi, ya ce wa mai shayi ya ƙara wa yaron nan ƙwai biyu a asusunsa. Sannan ya zura hannu a aljihun babbar riga, sai ga makulli.

"Ɗana, Allah ya so ka. Jiya-jiyan nan aka kawo mini wata. Wata tsohuwa ce take hawa."